Allurar Hajjin Inna

Har ƙasa ta rufe mini ido ba na jin zan manta da abin da ya sami kafaɗar mahaifiyata a shekarar da ta sauke farali. An daɗe da yin abin, amma har yau in na ga mace ta zauna gaban mai allura tana ƙoƙarin jan wuyan rigarta, sai abin ya dawo mini sabo. Wani lokacin har in tsoma baki a abin da ba a gayyace ni ba.

Inna mai kitso ce. A unguwarmu ta Hausawa a New Bell, nan Duwala, da wuya a kai amarya ɗakinta ba ta biyo ta hannun Inna ba. Kakanmu ne ya zo daga ƙasar Kano da fatauci, ita kuwa nan aka haife ta, nan ta yi aure, nan kuma aka bar ta da marayu. Da tsinke da mataji ta ci da mu, ta sa ni makaranta har na sami aikin sakatariya a ofishin wani lauya a Bonapriso. Kullum tana baranda bisa 'yar kujerarta, mace na zaune a tabarma tsakanin ƙafafunta, hannuwan Inna biyu a sama tun hantsi har la'asar. Ko ruwan Duwala ya cika lungunmu, za ka ga mata sun tattare zane suna ratsowa, don an san shukun Inna ba ya saurin tsufa.

Da Allah ya hore mana, mu 'ya'yanta muka haɗu muka biya mata kujerar Makka. Cikin shirye-shiryen tafiya akwai allurar sanƙarau, wadda dole sai an buga shaidarta a katin maniyyaci. Aka tura maniyyatan unguwarmu wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke kusa. Ranar ina wurin aiki, sai Inna ta tafi da maƙwabtanmu. Da na dawo da yamma na tarar da ita a tsakar gida ta rungume hannunta na dama.

"Inna, a wane hannu aka yi miki?"

"Dama mana."

"Haba Inna, hannun sana'ar taki?"

Ta harare ni. "To ni ce zan miƙa wa ɗan mutane hagu? A wane gida aka koya miki haka?"

Dariya na yi, ƙannena ma suka yi. Babu wanda ya kawo komai a ransa.

Ciwo kuwa ya ƙi tafiya. Duk wanda aka gaya wa sai ya ce ai haka allura take, kwana kaɗan ne ta sake ta. Muka yi ta gasa wurin da ruwan ɗumi muna shafa man zafi. Ita kanta ba ta da lokacin ciwo, don ta shiga yawon sallama. Kun san al'adarmu, mai tafiya aikin Hajji ba ya tashi sai ya bi mutane ya nemi gafara. Inna ta bi gida-gida, ta shiga Kasuwar Kongo wajen masu atamfar da suka taɓa sa-in-sa, har matar da suka yi shekaru ba sa ga maciji sai da ta je ta durƙusa mata. Duk wanda ya ce ita ma ta yafe masa, amsarta ɗaya ce, ta yafe duniya da lahira. A haka ta hau jirgi, hannun nan a maƙale a jikinta.

Tana can, duk wayar da muka yi sai ta ce lafiya lau, sai godiya. Ranar da suka dawo na fara gane akwai magana, don da hannu ɗaya ta rungume ni a filin jirgi. Maƙwabciyarmu da suka tafi tare ta ja ni gefe ta ce, "Ke, ku kai uwarku lopital, likita ya duba ta. Ni na yi mata jifan Shaiɗan, ko tsakuwa ba ta iya ɗagawa. Zane ma ni nake ɗaura mata. A zaune take barci, amma ta rantsar da ni kar in gaya muku."

Aka gama karɓar 'yan barka da sauka, aka raba dabino da zamzam, muka shiga neman magani irin namu. Mai ɗori ya lalube ya ce babu karaya babu targaɗe. Wanzami ya yi ƙaho. Aka sha rubutu. Wata ta ce sanyin na'urar ɗakunan Makka ne ya kama ta, wata ta ce baki ne, don ba kowa ya ji daɗin ganin mai kitso ta zama Hajiya ba. Kowa ya zama likita, kafaɗa kuwa sai ƙara sandarewa take yi.

Ranar da ta fi tsaya mini a rai wata Asabar ce. Aka kawo amarya, 'yar wata ƙawar Inna, wadda tun tana goye Inna ta yi alkawarin ita za ta yi mata kitson aure. Inna ta zauna a kujerarta, ta yi bismilla, ta ɗauki tsinke za ta tsaga. Hannun ya taso kaɗan ya tsaya. Ta cije leɓe ta sake gwadawa, sai tsinken ya suɓuce ya faɗi a cinyar amarya. Inna ta yi murmushi ta ce, "Yau jikin ba daɗi, 'yata. Ku kai ta wajen wance, hannunta na da kyau." Ta miƙe ta shige ɗaki ta sakaya ƙofa. Ina tsaye a bakin taga na ji tana kuka ƙasa-ƙasa. Rabona da jin kukan Inna tun rasuwar mahaifinmu. Daga ranar barandarmu ta zama wurin shanya.

Ban sake neman shawarar kowa ba. Na ɗauke ta a tasi, don ba ta iya riƙe mai babur, muka je wajen wani likitan ƙashi. Aka ɗauki hoto. Likitan ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce da Faransanci in tambaye ta daidai inda aka soka allurar. Inna ta ɗora yatsa can sama, kan ƙashin kafaɗa, kusa da wuya.

Likita ya cire tabarau. Ya ce wannan ba wurin allura ba ne, a tsokar dantse ake yi, ƙasa da nan sosai. Yaya aka yi ta hau can?

Inna ta sunkuyar da kai. Da ƙyar na ciro maganar daga bakinta. Ashe mai allurar namiji ne, ita kuma doguwar riga ce a jikinta mai matsattsen hannu, ba ya naɗuwa. Ɗakin cike da maniyyata maza da mata, babu labule. Sai ta sa hannu ta ƙarƙashin hijabi ta ja wuyan rigar gefe, ta buɗe ɗan wuri wanda bai fi tafin jariri ba, ta ce ya yi a nan.

"Kuma mutumin kirki ne," in ji ta, kamar mai ba da shaidar yabo. "Ya san darajar manya. Sai da ya kau da kansa sannan ya soka."

Na fassara wa likita, ya dafe goshi. Ya yi mana bayani cewa allurar ta shiga cikin gaɓar kanta, maganin ya sa wurin ya kumbura, rashin motsi kuma ya sa ta daskare. Akwai magani, amma mai dogon zango ne: allurai a cikin gaɓar, da gashin ƙashi na watanni, wanda mu a nan muke cewa kine. In aka yi sakaci, hannun zai iya tsayawa a haka. Da ya faɗi abin da aikin zai ci, na san ba mu da shi, don Hajjin ya kwashe mu tas.

Ni kuwa Allah ya yi ni da wuta, ban gaji haƙurin Inna ba. Washegari na gaya wa maigidana na wurin aiki, wato lauyan, ya ce wannan magana ce a fili, asibiti na da inshorar da ke biyan diyya in ma'aikacinsu ya yi kuskure. Ya ce in fara zuwa a yi sulhu kafin a yi maganar kotu. Na je na sami mai asibitin, na zazzage masa duk Faransancin da na tara tun daga firamare. Ya saurare ni da sanyin jiki, ya ce bai ƙi ba, amma inshora ba ta biya sai mai ciwon da kanta ta zo ta yi bayani, likitansu kuma ya duba ta. Har na miƙe ya ƙara da cewa, in maganar ta tabbata, shi dai ba zai iya ci gaba da riƙe ma'aikacin ba. Na ce wannan ruwansu, ni uwata na sani.

Na dawo gida da murnata, ina ganin na gama aiki. Ashe ko farawa ban yi ba.

"Ba ni zuwa," in ji Inna.

"Inna, haƙƙinki ne fa. Ba roƙo za mu je ba."

"Na ce ba ni zuwa. Ni na buɗe masa wurin, ni na ce ya yi a nan. Kuma ki saurara in gaya miki. Ranar Arfa, ciwon nan ya hana ni ɗaga hannu in yi addu'a kamar kowa. Na ce ya Allah, na yafe wa bawanka da ya yi mini allurar nan, ni ma ka yafe mini. A Arfa na faɗa. Yanzu in dawo Duwala in ce na fasa? In tofar da yawu in dawo in lashe?"

Duk dokokin da nake bugawa a ofis babu wadda ta tanadi amsar wannan.

Kamar abin bai isa ba, sai ga Kawu, yayan Inna, ya ji labari. Ya zo ya zauna ya tattara babbar riga, ya dube ni sama da ƙasa. "To, Madam lauya, ke ce za ki kai ƙaddara ƙara? Tun zuwan iyayenmu garin nan ba a taɓa jin Bahaushe ya karɓi kuɗin ciwo ba. So kike a ce Hajiya ta dawo daga ɗakin Allah ta sayar da hannunta?"

Na ce, "Kawu, to kai za ka biya kine ɗin?"

Ya ce ba ni da kunya, kuma bokon nan ne ya lalata mu. Ya kaɗa riga ya fita. Tambayata dai bai amsa ba.

Muka shiga zaman doya da manja ni da Inna. In na tayar da maganar sai ta ɗauki carbi. Ina kallo tana cin tuwo da hagu, ita da ta ƙi miƙa wa baƙo hagu. In za ta yi kabbarar salla, hannu ɗaya ke kaiwa kunne, ɗayan ya tsaya a ƙirji. Haushinta nake ji, tausayinta kuma ya fi haushin yawa.

Wata Lahadi da rana, ana yayyafi, aka yi sallama a ƙofar gida da wata irin Hausa ta koyo. Na leƙa na ga wani mutum mai furfura jefi-jefi, ɗan kudu, da kayan zuwa coci a jikinsa, riƙe da ledar lemo da ayaba. Ya ce shi ne ya yi wa Hajiya allura, a asibiti ya ji na je. Wallahi da ni kaɗai ce da a bakin ƙofa zan sallame shi. Amma Inna ta ji, ta ce a shigo da baƙo, a ba shi kujera, a kawo ruwa.

Bai zauna a kujerar ba, durƙusawa ya yi. "Ashiya, Mama," ya ce, kalmar da muke yi wa mai ciwo sannu da ita a nan. "Ashiya. Ban sani ba sai yanzu."

"Ba komai, ɗana. Na yafe maka tun a Makka."

Ya yi godiya, sannan ya ci gaba, yana haɗa Hausa da Faransanci. Ya ce ya san wurin ya yi sama. Ya daɗe yana aiki cikin Hausawa, kuma farkon zuwansa ya taɓa cewa wata Hajiya ta fitar da hannunta duka, mijinta ya kusa dukansa. Tun daga nan ya koyi karɓar duk inda aka buɗe masa, ya kuma koyi kau da kai. Ya sha gaya wa masu asibitin a sa mace da labule a lokacin maniyyata, ana ce masa babu hali.

"Mama, ni kin yafe mini, na gode. Amma asirans, inshorar nan, ba ta yi miki laifi ba, balle ki yafe mata. An ajiye ta ne don irin wannan rana. In kin ƙi karɓa, ba ni kika taimaka ba, su kika taimaka." Ya share fuska. "Kuma in kin yi shiru, baɗi wata Mama za ta zo ta ja wuyan riga, ni ko wani mu sake yin haka."

Inna ta dube shi. "In na je, korar ka za su yi?"

"Wataƙila, Mama."

"Kana da iyali?"

Ya ce yana da su.

"Kuma ka san haka ka zo?"

Ya ce tun da ya ji labarin abinci ba ya masa daɗi.

Bayan ya tafi Inna ta tashi ta yi sallar la'asar. Sannan ta kira ni ta ce in gaya wa mutanen nan za ta zo, amma da bakinta za ta yi magana, ni fassara kawai ce tawa, kar in ƙara gishiri. Ta san halina.

Ranar zaman, a ofishin mai asibitin, akwai shi, da wakilin inshora, da likitansu, da maigidana lauya. Duka maza. Tun a hanya nake tunanin yadda za ta kaya, don na san dole a duba kafaɗar, kuma na san wadda na ɗauko. Likitan inshorar, wani matashi mai ladabi, ya matso yana inda-inda, ya ce ko Hajiya za ta ɗan nuna masa wurin kaɗan. Yana faɗa yana karkatar da fuska gefe.

Sai Inna ta sa hannun hagu ta yaye hijabinta ta ɓangaren dama har bisa wuya. Ashe riga marar hannu ta sa a ciki, wadda ban ma san tana da ita ba. Hannun nan gaba ɗaya ya fito, ya rame, kafaɗar ta zube.

"Gaya masa ya juyo," ta ce mini. "Ɗana, juyo ka duba da kyau. Kau da kai ne ya kawo mu nan."

Na fassara masa. Tunda nake ban taɓa ganin dantsen Inna a gaban wani namiji ba, kuma na san abin da hakan ya ci mata. Likitan ya juyo ya duba, ya ɗaga hannun, ya auna inda yake tsayawa, ya rubuta.

Da aka zo maganar biya, Inna ta ɗaga yatsa. Ta ce tana da sharaɗi biyu. Na farko, ma'aikacin nan ba za a taɓa aikinsa ba, don ita ta nuna masa wurin, kuma ita ta riga ta yafe masa a inda ba a janye magana. In sun kore shi, su riƙe kuɗinsu, ita ta riƙe hannunta. Na biyu, duk lokacin allurar maniyyata a sa mace, a kuma rataya labule. Maigidana ya taɓa ni da ƙafa, wai in rage, kar mu ɓata ciniki. Ban rage ko kalma ba. Mai asibitin ya yi 'yan lissafe-lissafensa a zuci, ya ga labule ya fi kotu araha, ya ce ya amince.

Ba a biya da wuri ba, sai da na yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshi har takalmina ya san hanya. Amma an biya, Inna ta shiga gashin ƙashi. Tana dawowa tana tsine wa mai kine ɗin saboda azaba, gobe kuma ta riga ni shiryawa. Ba zan yi muku ƙarya ba, hannun bai dawo yadda yake ba. An makara. Kitson amare ya wuce ta, wasu aka koma yi wa layi. Kawu kuwa ya daɗe yana cewa mun zubar da mutuncin gida, har shekarar da matarsa ta tashi tafiya Makka, mace ta yi mata allura a bayan labule. Bai ce mun kyauta ba, ya dai daina maganar.

Wata ranar jajibirin salla na dawo daga kasuwa na ga an kwashe shanyar da ke baranda. Inna na bisa 'yar kujerarta, 'yata ƙarama na zaune tsakanin ƙafafunta. Tana tsagawa a hankali, ta yi layi ɗaya ta sauke hannu ta huta, ta sake ɗagawa. Kitson da a da take gamawa kafin shayi ya huce, ranar sai da ya kai ta magariba, kuma tsagar ta ɗan karkace. Na tsaya da kaya a hannu ina hawaye. Ta ɗago ta ce, "Ke kuma lafiya? Miƙo mini man kitso, kin tsaya kina kallona kamar baƙuwa."

Na shiga maganar nan ina ganin yafiya ce ke hana talaka haƙƙinsa, Inna kuma ta shiga tana ganin neman haƙƙi yana warware yafiya. Abin da na koya shi ne kowanne da wurinsa. Ana yafe wa mutum, a kuma nemi a gyara ɓarna, don kar ta faɗa kan na baya. Kunya ado ce, ban taɓa musun haka ba, amma ba a yin ta da mai magani. Inna da mai allurar nan kowa ya girmama ɗan'uwansa iyakar saninsa, kuma a tsakanin ladabinta da nasa aka rasa hannun da ya raine mu. Shi ya sa in kun ga wata mata a layin allura tana ce wa tsofaffi su fitar da hannu duka, kuma su miƙa na hagu, kar ku ce ta cika shisshigi. Ni ce, kuma na san abin da na gani.